Nazarin Lamari: Ciwon Baya na Shekara Uku da Atisayen Tsokokin Ƙasan Ƙugu

Matar da ake magana a kanta a nan ba wata takamaimai ba ce da za a nuna da yatsa. An harhaɗa labarinta ne, har da makin da ta samu a gwaje-gwaje, daga irin ƙorafin da ke yawan zuwa ɗakin gashin ƙashi, domin koyarwa. Binciken masana da aka ambata kuwa na gaske ne.

Yadda ta zo

Shekararta 43, ma'aikaciyar ofis ce mai wuni a zaune, 'ya'yanta uku. Haihuwarta ta ƙarshe, shekara shida da suka wuce, ta zo da doguwar naƙuda har sai da aka yi mata ƙari aka ɗinke. Ciwon bayan ya soma ne kusan shekara uku kafin zuwanta, ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma wani kaya ta ɗauka ba. Yana zaune daidai ƙugu, ya fi tsanani ta hagu, yakan sauka ɗuwawu amma bai taɓa wuce gwiwa ba. Zaman rabin awa kan tayar da shi, haka ma miƙewa daga kujera da juyi a kan gado. Da aka ce ta ba shi maki daga 0 zuwa 10, ta ce 7 a yawancin ranaku.

Ciwon baya idan ya haura mako 12 ana lissafa shi cikin masu daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 zuwa 2050. A kusan kashi 90 cikin ɗari ba a iya ɗora yatsa a kan cuta guda a ce ga musabbabin. Tata ma cikin waɗannan take.

An taɓa yi mata hoton ƙashi aka ce mata ƙashin bayanta ya fara cinyewa. Tun daga ranar ta daina sunkuyawa, ta bar tattakin da take yi da yamma, ta sayi faffaɗan bel tana ɗaure ƙugu tun safe har dare. Alhali abin da hoton ya nuna aikin shekaru ne, kamar yadda wani nazari na 2015 ya tabbatar. An tattara hotunan mutanen da bayansu bai yi musu ciwo ko kaɗan, aka ga kashi 37 cikin ɗari na masu shekara 20 suna da alamar lalacewar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya, a masu shekara 80 kuwa kashi 96. Ta kuma sha maganin rage ciwo diklofenak kusan kullum har ƙwannafi ya soma damunta. Bel ɗin nan, a jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, yana cikin abubuwan da aka ce kada a riƙa bai wa marasa lafiya.

Tambayar da ba a taɓa yi mata ba

Ana cikin ɗaukar tarihi likitar gashin ƙashi ta ce: "Malama, idan kika yi tari ko atishawa, fitsari yakan kubce miki?"

Ta ɗan yi jim. "Likita, ai ba wannan ne ya kawo ni ba. Duk macen da ta haihu haka take."

Ba duk macen da ta haihu take haka ba, ko da yake da yawa suna haka suna kuma shiru. Amma kafin a shiga wannan maganar akwai abin da dole a fara kawarwa, domin ciwon baya da matsalar fitsari idan suka haɗu a jiki ɗaya suna iya zama gaggawa. A ƙarshen ƙashin baya akwai tarin jijiyoyin da ke kula da ƙafafu, mafitsara da dubura. Idan faifai ya zamo ya danne su, mutum kan kasa yin fitsari ko ya daina jin fitarsa, fatar tsakanin cinyoyi da kewayen dubura ta mutu, ƙafafu su yi rauni. Mai irin wannan asibiti zai nufa a cikin sa'o'in nan, babu zancen atisaye. An kuma tambaye ta zazzaɓi, rama ba dalili, ciwon da ke hana barci ko a wane gefe aka kwanta, tarihin ciwon daji, da tarin fuka, wanda kan shiga ƙashin baya. Babu ko ɗaya. Fitsarin nata ma ba irin yoyon da ke zuba dare da rana ba ne, wanda ke biyo bayan hujewar mafitsara wajen haihuwa. Sai ta yi tari, dariya mai ƙarfi ko ta ɗaga abu yake ɗigowa. Gwajin fitsari bai nuna ƙwayoyin cuta ba.

Daga nan sauran labarin ya fito kaɗan-kaɗan. Ta rage shan ruwa ƙwarai don kada ta ji kunya a wurin aiki. Tana zuwa banɗaki kusan duk awa ko ba ta ji ya matse ta ba, don gudun ko-ta-kwana. Bayan gida ya yi mata tauri, sai da yunƙuri. Saduwa da maigidanta tana mata zafi tun bayan ɗinkin. Tattakin yamma da ta ce ta bari saboda baya, ashe ɗigar fitsari ta fi ciwon ƙarfi wajen hana ta. Abu na ƙarshe da ta faɗa shi ne ya fi muhimmanci: wata huɗu ke nan tana atisayen Kegel, wato matse tsokokin ƙasan ƙugu, da ta koya a bidiyon waya, tana matsewa sau ɗaruruwa a rana, har takan tsayar da fitsari tana tsakiyar yi. Ɗigar ba ta ragu ba, bayan kuma ƙaruwa ya yi.

Me ya haɗa ƙasan ƙugu da baya

Tsokokin ƙasan ƙugu shimfiɗe suke can ƙasa, daga ƙashin mara ta gaba zuwa tsinin ƙashin baya. Su ke tallafe mafitsara, mahaifa da ƙarshen hanji, kuma ta tsakaninsu hanyar fitsari, farji da dubura suka ratsa. Maza ma suna da su. Ba su kaɗai suke aiki ba. Tsokar numfashi ta rufe ciki ta sama, tsokar ciki mafi zurfi ta kewaye gaba da gefe, ƙananan tsokoki na manne da ƙashin baya, su kuma suna ƙasa. Duk sanda mutum zai ɗaga kaya ko zai yi tari, huɗun nan kan ɗaure tare, matsin cikin ya ƙaru, ƙashin baya ya samu madogara.

A 1996 Paul Hodges da Carolyn Richardson na Jami'ar Queensland a Ostiraliya suka nuna cewa a jikin mai lafiya tsokar cikin nan mai zurfi tana riga hannu motsi, wato takan ɗaure kafin a ɗaga hannun, amma a masu ciwon baya takan makara. Daga baya Hodges da Ruth Sapsford suka nuna cewa tsokokin ciki da na ƙasan ƙugu tare suke tashi. A 2006 kuma aka duba bayanan mata sama da 38,000 a ƙasar, aka ga matsalar riƙe fitsari da ta numfashi sun fi ƙiba da yawan motsa jiki alaƙa da ciwon baya. Sai dai ganin abu biyu suna tafiya tare bai nuna wanne ya jawo wanne ba. Mai yiwuwa raunin ƙasan ƙugu ne ke rage wa baya madogara, mai yiwuwa ciwon bayan ne ke sauya yadda tsokokin ke aiki, mai yiwuwa kuma haihuwa da yawan zama ne suka haifi duka biyun.

Abin da gwaji ya nuna

Jijiyoyin ƙafafunta lafiya lau. Ƙarfi, ji da amsawar gwiwa duk daidai, ɗaga ƙafa a miƙe bai jawo ciwo ya sauka ba. Sunkuyo ne take yi rabi ta tsaya, kuma a fuskarta ake ganin tsoro ya riga ciwon isowa. Numfashinta a saman ƙirji yake, cikinta a tsuke ko tana kwance. A takardar tambayoyin Oswestry, mai auna yadda ciwon baya ke hana harkokin yau da kullum a fannoni goma, ta samu kashi 44 cikin ɗari.

Gwajin tsokokin ta cikin farji sai da cikakken bayani da amincewarta, kuma an gaya mata tana iya cewa a'a ko a tsaya a kowane lokaci. Wadda ba ta yarda ba ana iya duba motsin tsokokin da na'urar sikanin ta kan mara, ko da yake sikanin ba ya nuna inda ke zafi. Ta amince. Tsokokin a ɗaure suke tun kafin a ce ta matse. Da aka danna ta ɓangaren hagu sai ta zabura ta ce, "Wannan shi ne ciwon da nake ji a bayana." Da aka ce ta matse, ƙarfin bai wuce 2 cikin 5 ba a ma'aunin Oxford, ta riƙe daƙiƙa uku ya sulale. Tana yi tana ɗauke numfashi, tana matse ɗuwawu da cinyoyi, wani lokaci ma turowa ƙasa take yi maimakon ɗagawa. Sakin kuwa a hankali yake zuwa, bai kuma cika ba. An ga mafitsara ta ɗan sauko kaɗan.

Tsoka ta kasance a ɗaure kuma mai rauni a lokaci guda abu ne da ke ruɗa mutane, har da wasu ma'aikatan lafiya. Wanda ya wuni da hannu a dunƙule, da yamma ka miƙa masa guga ya riƙe, ba zai iya ba, kuma ƙara dunƙulewa ba za ta ba shi ƙarfi ba. A wani bincike na 2018 a Kanada an gwada mata 85 masu ciwon baya da ƙugu. Kashi 95 cikin ɗari suna da wata matsala a ƙasan ƙugu, kashi 66 rauni, amma waɗanda tsokar ke musu zafi idan an taɓa sun kai kashi 71. Wato zafi da ɗaurewa sun ma fi raunin yawa, alhali shawarar da ke yawo a ko'ina ɗaya ce: ki matse.

Arnold Kegel, likitan matan Amurka da ya bayyana atisayen a 1948, bai tsaya ga faɗa da baki ba. Yana da na'urar auna matsi da mace ke kallo ta san ko tsokar da ake nufi ce take motsawa. Wani bincike na 1991 ya nuna dalilin hakan: bayan gajeren bayani da baki, kusan rabin matan ne kaɗai suka yi daidai, kusan ɗaya cikin huɗu kuma turowa ƙasa suka yi, abin da ke iya ƙara ɗigar. Bidiyon waya bayani da baki ne kawai, ba shi da hannun da zai duba.

Mako uku na farko: saki

An ce ta dakatar da atisayen gaba ɗaya. Ba ta ji daɗi ba. "Likita, ni da fitsari ke kubce min, kuma ki ce in saki?" An ɗauki lokaci ana bayani, domin idan ba ta gamsu ba komawa gida za ta yi ta ci gaba da abin da ta saba.

Aikin da aka ba ta shi ne ta kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, hannu a kan haƙarƙarin ƙasa. Ta ja numfashi ta hanci ta bar haƙarƙari ya buɗe, ciki ya taso, ƙasan ƙugu ya sauka ya yi laushi, sannan ta fitar ba tare da ta matse komai ba. Minti biyar, sau biyu a rana. A ɗakin jinya likitar kan danna wuraren da suka ƙulle a hankali har su saki. An ƙara da jawo gwiwoyi zuwa ƙirji da miƙar tsokokin ɗuwawu.

Banɗaki ma ya shiga cikin magani. Ta koma shan ruwa kamar kowa, ta ƙara abinci mai harza, ta sa ɗan abin taka ƙafa don gwiwoyi su fi ƙugu tsawo idan ta zauna, ta daina yunƙuri da ɗauke numfashi. Yunƙurin kullum yana ja wa tsokokin nan wahalar da atisayen minti goma ba zai rama ba. An hana ta tsayar da fitsari tana tsakiyar yi, saboda yana iya hana mafitsara juyewa duka. Tazarar zuwa banɗaki aka riƙa ƙarawa da kwata-kwatan awa. Bel kuwa ba a fizge shi rana ɗaya ba, awa biyu aka fara ragewa. Sai tattakin minti goma, da tashi daga kujerar ofis duk rabin awa.

A ƙarshen mako na uku zafin taɓawa ya ragu sosai, ciwon baya ya sauko zuwa 5, tun ba ta yi matsa ko ɗaya ba.

Ƙarfafawa

Sai a mako na huɗu aka dawo da matsewa, da hannun likita a wurin don tabbatarwa. Umarnin gajere ne: yayin fitar da numfashi, ta yi kamar za ta riƙe tusa, sannan ta ja abin ciki da sama, ɗuwawu da cinyoyi na kwance abinsu. Riƙon daƙiƙa uku, hutun daƙiƙa shida, kuma ba ta sake matsewa sai ta ji ya saku tsaf. Sau takwas, lokaci uku a rana. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, ma abin da ta tsara ke nan ga mata masu ɗigar fitsari irin wannan: aƙalla matsa takwas sau uku a rana, na aƙalla wata uku, a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Ashirin da huɗu a rana ke nan, ga mai yin ɗaruruwa.

Riƙon ya riƙa ƙaruwa har daƙiƙa takwas, aka haɗa da gajerun matsa masu sauri. Daga kwance aka koma zaune, daga zaune zuwa tsaye. Aka koya mata ta matse daidai kafin tari, atishawa ko ɗaga kaya, dabarar da ke rage ɗigar tun kafin tsokar ta yi wani ƙarfin kirki. Tun daga mako na shida kuma aka shigo da atisayen jiki duka: ɗaga ƙugu daga kwance, tashi da zama daga kujera, tsuguno, da ɗaukar kaya daga ƙasa ana ƙara nauyi a hankali. Ranar da ta fara sunkuyawa ta ɗauki kilo biyar, sai da aka tsaya kusa da ita.

A mako na takwas mura ta kama ta da tari mai tsanani. Ɗigar ta dawo, baya ya koma 6, ta mayar da bel. Irin wannan koma-baya ne ke sa mutane su watsar da magani. An sake duba alamomin haɗari, babu. Aka ce ta koma numfashi da saki na 'yan kwanaki, ta ci gaba da tattaki, aka kuma nanata mata cewa tashin ciwo ba sabuwar ɓarna ba ce a ƙashi. Cikin kwana goma ta koma inda take.

A mako na 12 ciwon yana 4, makin Oswestry 28. A wata na shida ciwon yana tsakanin 2 da 3, Oswestry 18, ƙarfin tsoka 4 cikin 5. Fitsari sai mafitsara ta cika ta kuma yi atishawa mai ƙarfi. Zafin saduwa ya ragu ƙwarai. Tana tattakin rabin awa yawancin ranaku, diklofenak sai jefi-jefi. Doguwar tafiya a mota har yanzu tana tayar mata da ciwon.

To, mene ne ya yi aikin?

Da sauƙi a ce atisayen ƙasan ƙugu ya warkar da ciwon baya, amma lamarin bai ba da wannan hujjar ba. An canza abubuwa da yawa a lokaci ɗaya: tsoro ya ragu, bel ya tafi, hanji ya daidaita, tattaki ya dawo, jiki duka ya yi ƙarfi. Ga shi kuma mutane kan zo asibiti ne a lokacin da ciwo ya fi tsanani, don haka wani sauƙin zai zo ko ba a yi komai ba.

Hujjar masana ma hawa biyu ce. Kan ɗigar fitsari irin tata tana da ƙarfi: nazarin Cochrane (ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen likitanci) na 2018 ya nuna matan da suka yi atisayen sun ninka waɗanda ba su yi ba kusan sau takwas wajen cewa sun warke. Kan ciwon baya kuwa gwaje-gwajen ƙanana ne kuma sun saɓa. A ƙasar Sin, a 2013, an raba marasa lafiya 47 gida biyu, waɗanda aka ƙara wa atisayen a kan maganin da aka saba sun fi samun sauƙi bayan mako 24. A Iran, a 2011, an gwada a kan mata 20, tsokar ta yi ƙarfi amma ciwon bai fi na ɗaya rukunin raguwa ba. Nazarin Cochrane na 2016 kan atisayen tsokokin ciki masu zurfi shi ma cewa ya yi suna taimakawa, amma ba su fi sauran nau'o'in motsa jiki ba.

A ganina, babbar gudummawar ƙasan ƙugu a wannan lamari hanya biyu ta bi. Ta farko kai tsaye ce: akwai tsokar da ke aika ciwo zuwa baya, an danna ta ciwon ya bayyana, an sake ta ya ragu. Ta biyu a kaikaice: muddin fitsari na kubce mata, ba za ta yi tattaki ko tsuguno ba ko likita nawa suka faɗa mata, kuma motsin ne aka fi tabbatar yana rage ciwon baya mai daɗewa. Shi ya sa ba na ganin hikimar a rubuta wa duk mai ciwon baya Kegel. Wanda ba shi da matsalar fitsari, bayan gida, nauyi a mara ko zafin saduwa, da wuya ya samu abin da tattaki da ɗaga nauyi ba za su ba shi ba. Wanda ke da su, mace ce ko namiji, musamman namijin da aka yi wa tiyatar mafitsara ko furostet (ƙullin da ke ƙasan mafitsarar namiji), ya kamata a duba shi kafin a ce ya matse ko ya saki.

An sallame ta da tsarin yin atisayen sau uku a mako maimakon kullum, domin ƙarfin tsoka na raguwa idan an bari gaba ɗaya. An kuma tura ta wurin likitan mata ya duba saukowar mafitsarar, tunda shekarun ɗaukewar al'ada na gabatowa kuma raguwar sinadarin jikin mata, istirojin, kan ƙara wa wurin rauni. Idan nauyin mara ya ƙaru, akwai zoben roba da ake sakawa ya tallafe ta kafin a kai ga maganar tiyata. An sa mata ranar dawowa bayan wata shida.